Gadon da Alƙali Ba Ya Rabawa: Jawabi a Kan Ciwon Dajin Mata Mai Bin Dangi



Idan mutum ya rasu a ƙasar Hausa, bayan an share makoki akan kira malami ko alƙali a zauna a lissafa abin da ya bari: gona da garka, shago da dabbobi, bashin da yake bi da wanda ake bin sa, sannan a ba kowa rabonsa. Amma akwai wani gadon da ba ya zuwa gaban alƙali, ba a kuma jiran mutuwa kafin a raba shi, domin tun ranar da aka ɗauki cikin ɗa ya riga ya karɓi nasa. Wannan shi ne gadon jini. Ta hanyarsa ɗa ke ɗauko tsawon ubansa da hasken uwarsa, kuma ta hanyarsa ne, a wasu gidaje ƙalilan, ake ɗauko wani rauni da ke buɗe wa ciwon daji ƙofa, musamman a mahaifa da gidan ƙwai na mata.

Jawabin nan zai tsaya a kan magana guda. Gwajin jinin da ke tabbatar da wannan gado yana da tsada, yana kuma da nisa daga jahar Tawa. Amma alamarsa ta farko tana cikin tarihin dangi, tarihin dangi kuwa yana bakin tsofaffi a kowane gida. Gidan da ya san abin da ya kashe matansa, ya kuma faɗa wa likita a kan kari, yana iya tsirar da wasu daga cikin ƴaƴansa.

Ba kowane ciwon daji ake gado ba

Wajibi ne a fara da wannan, don kada tsoro ya riga fahimta shiga zuciya. Ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara, wasu kansa, mafi yawansa ba gado ba ne. Cikin mutum 100 da suka kamu da shi, daga 5 zuwa 10 ne kawai suka ɗauko raunin daga iyaye. Sankarar bakin mahaifa, wadda ke cikin waɗanda suka fi kashe mata a Afirka, ba ta cikin lissafin gado: ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke haddasa ta, ana ɗaukar ta ta hanyar saduwa, tana kuma da allurar rigakafi, wadda Najeriya ta fara yi wa ƴan mata tun watan Oktoba na 2023.

Inda gado ke da nauyi wani wuri ne daban. Mahaifa tana da baki, tana da jiki. A gefenta na dama da na hagu akwai gidan ƙwai, da ƴar hanyar da ƙwan ke bi ya sauko. Cikin mata 100 masu sankarar gidan ƙwai, daga 15 zuwa 20 gado ne ya jawo musu. Cikin mata 100 masu sankarar jikin mahaifa, kamar 3 ne. Adadin kaɗan ne idan an dubi ƙasa baki ɗaya, amma ba ya warwatsuwa cikin jama'a: taruwa yake yi a gida ɗaya, ya ɗauki uwa, ya dawo ya ɗauki ƴa, ya tsallaka ya ɗauki gwaggo.

Yadda likitoci suka gano

Abin lura shi ne, ba da na'ura aka fara gano wannan al'amari ba, da tambaya aka gano shi. A shekarar 1866 wani likitan fiɗa na Faransa, Paul Broca, ya rubuta tarihin dangin matarsa, inda sankarar mama ta bi mata ɗaya bayan ɗaya har tsawon zuriya huɗu. A 1895, a jahar Mishigan ta Amurka, wata mata mai ɗinki ta shaida wa likita Aldred Warthin cewa ta san ciwon daji ne ajalinta, tunda shi ya ɗauke danginta da dama, wasu a ciki da hanji, wasu a mahaifa. Likitan bai ɗauki maganarta shirme ba. Ya bi dangin gida gida, ya zana reshensu, ya buga abin da ya samu a 1913. Matar kuwa daga baya sankarar mahaifa ce ta kashe ta, kamar yadda ta faɗa.

A 1966 wani likitan Amurka, Henry Lynch, ya bayyana wasu dangogi biyu masu irin wannan hali, shi ya sa har yau ake kiran wannan gado da sunansa. Sai a shekarun 1990 ilimi ya kai ga ganin raunin da kansa. A 1990 malama Mary-Claire King ta nuna wurin da ƙwayar gadon sankarar mama da gidan ƙwai take. A 1994 aka ware ta, wato BRCA1, a 1995 aka samu ƴar'uwarta BRCA2. Ƙwayoyin gadon Lynch na farko an gano su a 1993 da 1994. Tsakanin littafin Broca da gwajin jini akwai shekara fiye da 120, kuma a duk tsawon wannan lokaci kayan aikin likitoci su ne kunne da alƙalami da takarda. Waɗannan kayan akwai su a Tajaye da Bazaga kamar yadda suke a Paris.

Yadda gadon ke tafiya

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kuma kullum suna rabuwa suna sabunta kansu. Kowace na ɗauke da rubutaccen umarni, duk sa'ad da za ta rabu sai ta kwafe shi. Mai kwafe dogon littafi ba ya rasa kuskure, saboda haka jiki yana da masu bin sawu suna gyara. Ɗan kasuwa zai gane misalin: kamar shago ne mai masu gadi biyu, ɗaya daga wajen uba, ɗaya daga wajen uwa. Yawancin mutane da masu gadi biyu ake haihuwarsu, in ɗaya ya yi barci ɗaya yana tsaye. Wanda ya gaji raunin kuwa da mai gadi ɗaya ya zo duniya; ranar da wannan ɗayan ya faɗi a wata gaɓa ta jiki, kurakurai sai su taru, ƙari ya fara tsiro. Shi ya sa ciwon ke zuwar wa irin waɗannan mutane da wuri, a shekara 35 ko 45, alhali ga sauran jama'a ciwon tsufa ne.

Abubuwa uku ne ya kamata a riƙe game da rabon wannan gado. Na farko, kowane ɗa na mai raunin yana tsakanin ɗauka da tsira daidai wa daida, rabi da rabi; a gida mai ƴaƴa takwas ana iya samun huɗu da shi, ana iya samun biyu, ana iya samun shida. Wanda bai ɗauka ba, ba zai ba ƴaƴansa ba. Na biyu, a nan babu kashi biyu na namiji da kashi ɗaya na mace, kuma uba yana bayarwa kamar yadda uwa ke bayarwa. Namiji ba shi da mahaifa, amma yana iya karɓar raunin daga mahaifiyarsa ya miƙa wa ƴarsa, shi kuwa ya tsufa lafiya lau. Saboda haka mai cewa matar da aka auro ce ta kawo ciwo gidan, sau da yawa bai duba gwaggwanninsa ba. Na uku, gadon rauni ba gadon ciwo ba ne: akwai masu ɗauke da shi da yawa waɗanda har ƙarshen rayuwarsu ba su kamu ba.

Akwai bambanci tsakanin wannan da amosanin jini, wato sikila ko emasi, wanda jama'a suka fi sani. Amosanin jini sai uwa da uba sun haɗu a kansa, shi ya sa auren zumunci ke ƙara shi. Wannan kuwa ɓangare ɗaya ya isa, don haka auren bare ba ya kore shi, auren zumunci kuma ba shi ne tushensa ba. Sai dai a dangin da aka tabbatar da gadon Lynch, idan miji da mata duka suna ɗauke da rauni iri ɗaya, ɗa ɗaya cikin huɗu yana iya haɗa biyun, ciwon daji ya same shi tun yana yaro. A irin wannan gida kaɗai ne shawarar likita kafin haɗa zumunci take zama dole.

Ire-irensa

Mafi shahara shi ne na BRCA. A cikin jama'a gaba ɗaya, mace ɗaya ce cikin kamar 80 ke kamuwa da sankarar gidan ƙwai a tsawon rayuwarta. Wani babban bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa ga mai raunin BRCA1 adadin ya kai 44 cikin 100 kafin shekara 80, ga mai BRCA2 kuma 17 cikin 100, ban da sankarar mama da ke samun kusan 70 cikin 100 daga cikinsu. Kada a ɗauka wannan ciwon Turawa ne. A 2018 tawagar malama Olufunmilayo Olopade, ƴar Najeriya mai koyarwa a jami'ar Shikago, ta buga sakamakon gwajin mata 1,136 masu sankarar mama a Ibadan: kashi 7 cikin 100 suna da raunin BRCA1, kashi 4 suna da na BRCA2. Wannan ya zarce abin da aka saba samu a tsakanin matan Turai.

Na biyu shi ne gadon Lynch, mai haɗa sankarar babban hanji da ta jikin mahaifa a dangi ɗaya. Masana sun ƙiyasta mutum ɗaya cikin kamar 300 yana ɗauke da shi. Ga macen da ta gaji nau'insa mai ƙarfi, haɗarin sankarar mahaifa yana kai 40 cikin 100 ko fiye, kuma sau da yawa ita ce ke fara bayyana kafin ta hanji. Ma'ana, jinin da ya ɓalle wa uwa yana iya zama gargaɗi ga ɗanta namiji game da hanjinsa.

Bayan waɗannan akwai wasu da ba safai ake ganinsu ba, har likita na iya gama aikinsa bai haɗu da ko ɗaya ba. Amma saninsu yana da amfani, domin ƴan mata ƙanana suke kamawa. Akwai wata sankarar gidan ƙwai mai saurin gaske, wadda ke samun mata a wajen shekara 24, tana kuma ɗaga sinadarin kalsiyam a jini; a 2014 aka gano ƙwayar gadonta, SMARCA4. Akwai gadon DICER1, wanda aka gano a 2009: ƙari ne ke fitowa a gidan ƙwan budurwa yana fitar da sinadarin maza, al'adarta ta ɗauke, muryarta ta yi kauri, gashi ya fito mata a haɓa, kuma a danginta akan samu maƙoƙo tun da ƙuruciya. Irin wannan yarinya ita ce ake kai wa mai cire iska, alhali aikin fiɗa da wuri yana warkar da mafi yawansu. Akwai kuma gadon Peutz da Jeghers, likitoci biyu da suka bayyana shi a 1921 da 1949: ɗigon baƙi a leɓe da cikin baki tun yarinta, da tsiro a hanji mai sa murɗar ciki, sannan ga mata wata irin sankarar bakin mahaifa wadda ba HPV ke kawo ta ba. Akwai na ƙarshe mai haɗa ƙarin mahaifa masu yawa tun da ƙuruciya da sankarar ƙoda.

A nan ma sai an yi hattara. Yawancin maƙoƙo a ƙasashen Sahel rashin sinadarin aidin ne a abinci. Ɗigon baƙi a dasashi abu ne da aka saba gani ga baƙar fata. Ƙarin mahaifa kuma ya yi yawa ga matan Afirka, kuma ba ciwon daji ba ne. Alama ɗaya ba ta yanke hukunci. Haɗuwar alamomi a dangi ɗaya ita ce abin kai wa likita.

Tafiyar mai ciwo daga Ƙwanni

Me ƙasar Nijar ta tanada? Tun 1992 akwai rajistar ciwon daji a tsangayar likitanci ta jami'ar Abdu Mumuni da ke Yamai. Lissafinta na 1992 zuwa 2009 ya ƙunshi mutum fiye da 7,000, kuma a wajen mata sankarar mama ce ta farko, ta bakin mahaifa ta biyu, ta gidan ƙwai ta uku. Biyu daga cikin ukun nan su ne waɗanda gado ya fi taɓawa. Amma rajista tana ƙirga wanda ya isa asibitocin Yamai ne. Matar da ta rasu a ƙauyen Adar da kumburin ciki, aka ce ciwon ciki ne ko sammu, ba ta shiga kowane littafi.

A watan Yuli na 2007, zamanin shugaba Mamadu Tanja, gwamnati ta ɗauki dokar da ta mai da maganin ciwon dajin mata kyauta a asibitocinta, bayan ta yi haka ga fiɗar haihuwa a 2005 da yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006. Doka ce mai kyau. Sai dai masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun nuna yadda jinkirin da baitulmali ya yi wajen mayar wa asibitoci kuɗinsu ya bar kantunan magani fayau, har kyautar ta koma takardar sayen magani a waje. Na'urar gashin ciwon daji ta farko a ƙasar kuwa sai a watan Maris na 2021 aka ƙaddamar da ita a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, wato shekara 50 cif bayan Arlit ta fara fitar da yuraniyom a 1971.

A dubi hanyar da mai ciwo ke bi. Daga gidan likitan ƙauye a tura ta asibitin gunduma, ko ta nufi asibitin Galmi da ke gundumar Malbaza, wanda mishan suka buɗe tun 1950, ko ta bi ta Tsarnawa da Badagishiri zuwa Tawa. Idan ciwon ya fi ƙarfin nan, sai Yamai, kamar kilomita 420 daga Birnin Ƙwanni, zuwa gidan haihuwa na Isaka Gazobi ko cibiyar ciwon daji. Dokar kyauta ba ta biyan kuɗin mota, ba ta biyan masauki, ba ta ciyar da mai jinya. Wasu sukan tsallaka iyaka ta ɗaya Illelar, ta Najeriya, zuwa asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ƙasa da kilomita 100. Amma rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da na bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, sun nuna cewa asibitin maƙwabci ba abin dogaro ba ne kullum. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa jinyar mai ciwon daji ya san abin da take ci: kuɗin albasar shekara guda, sannan jari, sannan gona. Galibi kuma kuɗin yana fita ne a lokacin da ciwon ya riga ya wuce magani.

Gwajin jinin kansa ba aikin asibitin gunduma ba ne. Kafin 2013 kamfani ɗaya ne ke da ikon yin gwajin BRCA a Amurka, a kan fiye da dala 3,000. A watan Yuni na shekarar kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa ba a mallakar ƙwayar halittar ɗan Adam, farashi ya faɗo zuwa ƴan ɗaruruwa. Ko dala 250 ce, ta kusa jika 150 na sefa, a ƙasar da mafi ƙanƙantar albashi yake jika 42. Saboda haka a yau gwajin talaka shi ne tarihin gidansu.

Littafin dangi

Ɗan kasuwa ba ya barin bashi a ka, rubutawa yake yi. Ma'aikaci kuma ya san abin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne. Abin da ake nema shi ne kowane gida ya samu takarda guda, mai ilimin gidan ya zauna da tsofaffi mata, domin su ne suka yi jinya suka yi wanka, ya tambaye su zuriya uku: kakanni, iyaye da ƴan'uwansu, sannan ƴaƴa. A rubuta ɓangaren uba daban, na uwa daban. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya a ware ƴan ɗaki da ƴan uba. Ga kowane mamaci a rubuta shekarunsa, da inda ciwon ya kama shi, da yadda ya ƙare: kumburin ciki mai ruwa, jini bayan tsayawar al'ada, ƙullutu a mama, jini a bayan gida tare da rama. Yawan ƴaƴa da riƙon zumunci da ake da su a nan sun sa irin wannan takarda ta fi ta Bature magana, domin shi danginsa kaɗan ne kuma a warwatse.

Likitoci suna da ma'auni mai sauƙi da suka tsara a Amsterdam a 1991 suka faɗaɗa a 1999, ana taƙaita shi da uku, biyu, ɗaya: mutum uku a dangi ɗaya da sankarar hanji ko ta mahaifa, ɗayansu uwa ko uba ko ɗa ko shaƙiƙin sauran biyun, a zuriya biyu a jere, ɗaya aƙalla bai kai shekara 50 ba. Ga ɓangaren BRCA kuwa alamomin su ne sankarar gidan ƙwai ga ƴar'uwa ta jini, sankarar mama kafin shekara 50 ga mata biyu ko fiye, mace ɗaya da ciwon ya kama a mama biyu ko a mama da gidan ƙwai, ko namiji mai sankarar mama.

Wani zai ce, mene ne amfanin sani in babu magani? Amfanin yana da yawa. Sankarar jikin mahaifa tana yin sallama da wuri: jini bayan al'ada ta ɗauke, ko jini mai rikicewa tsakanin al'ada da al'ada. Idan aka zo a wannan mataki, cire mahaifa yana warkar da mafi yawan mata, kuma aiki ne da ake yi a cikin jahar Tawa. Ta gidan ƙwai ita ce mai sanɗa: kumburin ciki, saurin ƙoshi, ciwon mara da yawan fitsari da suka wuce mako biyu ko uku. Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce, hoton ciki da ake kira eko da gwajin jini na shekara shekara ba su isa kariya ba. Wani bincike a Ingila a kan mata 200,000, wanda sakamakonsa ya fito a 2021, ya nuna ba su rage mutuwa ba. Abin da aka tabbatar yana karewa shi ne cire gidan ƙwai da hanyarsa bayan an gama haihuwa, tsakanin shekara 35 da 40 ga mai BRCA1, 40 da 45 ga mai BRCA2, wanda ke rage haɗarin da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Aikin yana tsayar da al'ada da wuri, yana da nasa wahalhalu, don haka likitan mata ne zai auna shi tare da mai jikin, ba a yin sa a kan zato. Haihuwa da shayarwa da ƙwayoyin tazarar haihuwa duk suna rage haɗarin sankarar gidan ƙwai. Ga masu gadon Lynch, maza da mata, leƙa hanji da bututu mai ido duk shekara biyu yana cire tsiro kafin ya rikiɗe.

Inda haɗarin yake

Ilimin nan wuƙa ce mai baki biyu. A garin da kowa ya san kowa, kalma ɗaya a bakin rijiya ko a rumfar kasuwa tana iya hana ƴan matan gida guda aure, alhali rabinsu ba su ɗauki kome ba, sauran rabin ma da yawa ba za su kamu ba. Tana iya sa miji ya saki matar da aka cire wa mahaifa, ko ya jingine ta. Tsoron haka ne ke sa mata ɓoye jini har wari ya tona su. Saboda haka takardar dangi amana ce tsakanin gida da likita; ma'aikacin lafiyar da ya fitar da ita ya ci amanar aikinsa. Amma shiru ma yana da nasa ta'adi. A gidan da mata uku suka mutu da ciwo iri ɗaya ba tare da bayani ba, zargi ne ke cike gurbin: a ce kishiya ce, a ce maƙwabciya ce, zumunci ya tsinke, kuɗi ya tafi wurin boka. Rashin sani ya fi dare duhu. Bayanin gado yana wanke wadda aka zarga, ba ya kuma ɗora wa kowa laifi, tunda babu wanda ya zaɓi jinin da aka haife shi da shi.

Maza su sani maganar ta shafe su kai tsaye. Su ne ke ba da izinin tafiya asibiti da kuɗin mota, kuma su ma raunin yana iya kama su a hanji, ko a mama, ko a ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara. Magidancin da mahaifiyarsa da yayarsa suka rasu da kumburin ciki, ya dubi ƴaƴansa mata ya san da su ake.

Kira ga magabata

Abin da ake nema daga hukumomi bai fi ƙarfin kasafin ƙasa ba. Na farko, a ƙara tambaya guda a katin awon ciki da rajistar gidajen likita: wa ya yi ciwon daji a danginki, a wace gaɓa, yana da shekara nawa? A horar da unguwarzoma da malaman jinya su san amsar da ke bukatar turawa gaba. Na biyu, duk naman da aka cire a ɗakin fiɗa a Ƙwanni ko Galmi ko Tawa ya isa ɗakin bincike, sakamakon ya dawo hannun mai shi, ba tare da an bar wa dangi ɗawainiyar kai shi ba. A kan wannan naman ne ake yin wani gwaji mai rahusa da ke nuna alamar gadon Lynch, wanda Ingila ta shawarci a yi wa duk mai sankarar mahaifa tun 2020. Na uku, a biya asibitoci kuɗin dokar 2007 a kan lokaci, a kuma bayyana wa jama'a abin da aka biya, domin kyautar da ba ta da magani a kanta alkawari ne kawai. Na huɗu, a kawo rajistar ciwon daji jahohi, matan Adar da Ƙwanni su shiga lissafi.

Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ƙwadago su ma suna da rawar takawa: asusun da ke tara gudunmawar biki da ta'aziyya yana iya ware wani abu na kuɗin motar mai zuwa awo tun ciwo yana ƙarami. Sarakuna da limamai kuma, waɗanda ake jin maganarsu, su bayyana wa jama'a cewa neman magani ba ya karo da tawakkali, kuma jinin da ya zo wa tsohuwa bayan al'ada ta ɗauke ba abin kunya ba ne, abin gaggawa ne.

Aiki na farko dai ba ya jiran minista. Tsofaffin da suka san abin da ya kashe kaka da gwaggo suna nan da ransu a yau, kuma duk wadda ta tafi da nata sanin take tafiya. A tambaye su tun suna iya amsawa, a rubuta, a adana tare da takardun gona da na haihuwa.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya kare zuriya.